Alkafura, Alkahura, Alkahoura: Tarken Rubutu da Ma'anar Kalmomin Wasan Jiki ta Fuskar Hausar Abijan

1.0 Gabatarwa

Akwai wasu kalmomi a Hausa waɗanda kowa ya san su amma ba kasafai ake rubuta su ba. Daga cikinsu akwai sunayen juye-juyen da mutum kan yi da jikinsa don wasa ko nuna bajinta, irin su *alkafura* da *adungure* da *ƙundumbala*. Kalmomi ne na dandali da yashin rafi da filin ƙwallo. Ba su shiga wa'azi, ba su shiga takardar ofis, ko a jarida ma sai jefi-jefi. Kalmar da aka daɗe ana faɗa ba a rubutawa kuwa, ran da aka tashi rubuta ta kowa kunnensa zai bi, kunnen kuma abin da ya saba ji a garinsu da makarantarsu shi zai miƙa wa alƙalami.

Wannan takarda tarke ce a kan yadda muke rubuta waɗannan kalmomi da yadda muke fassara su, mu malamai da masu ƙamus da masu fassara a kafofin watsa labarai. An gina ta a kan Hausar da ake yi a Abijan ta ƙasar Kodebuwa, musamman a Ajame da Tireshbil, inda unguwar Belbil take. Dalilin zaɓen nan shi ne, a can Ingilishi ba shi da ta cewa. Bahaushen Abijan da Faransanci yake gogayya, don haka idan aka ajiye Hausarsa kusa da tamu ta Nijeriya sai a ga abin da Ingilishi ya yi mana wanda sabo ya hana mu gani. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, saɓanin harafi da muke ƙarar da jan biro a kansa shi ne ƙaramar matsala. Babbar tana wajen ma'ana, domin kalmomin Hausa daban-daban sun soma narkewa cikin juna saboda kalma ɗaya ta Ingilishi da aka ɗora musu baki ɗaya.

2.0 Bahaushen Abijan da alƙalaminsa

Zuwan Hausawa wannan yanki ba sabon abu ba ne. Fataucin goro ya kai su Gwanja da Bonduku tun kafin zuwan Turawa. Amma cikar da suka yi a Abijan ta biyo bayan buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, lokacin da garin ya zama wurin neman kuɗi ga duk ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka ta Yamma. Mafi yawan masu jin Hausa a can mutanen Nijar ne, kuma Adarawa daga jihar Tawa sun yi suna wajen zuwa cin rani Abijan. Ajame ita ce matattarar kasuwa da tashoshin mota, nan baƙo yake fara sauka. Tireshbil tana tsallaken ruwa kusa da tashar jiragen, tsohuwar unguwar 'yan ci-rani ce, kasuwar Belbil kuma a cikinta take. Abincin da talakan Abijan ya fi ci, wato aceken rogo da soyayyen kifin tuna, *garba* ake ce masa, kuma bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne sunan ya samo asali daga 'yan Nijar masu sayar da shi.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne abubuwa biyu da wannan Bahaushe ya zo da su. Na farko, karin harshensa na yamma ne, ɗan'uwan Sakkwatanci da Katsinanci. Na biyu, idan ya yi boko to da Faransanci ya yi ta. An soma gwajin koyarwa da Hausa a Nijar tun 1973 a Damagaram, amma makarantun ba su yi yawan da za su sauya hannun jama'a ba. Saboda haka ya iya Hausa, ya iya rubutu, amma ba a taɓa koya masa rubutun Hausa ba. Idan zai aika saƙo ta waya daga Ajame zuwa gida, ƙa'idar Faransanci yake aro: *ou* a madadin *u*, *dj* a madadin *j*, *tch* a madadin *c*, *ch* a madadin *sh*. Wannan ba sabon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa duba taswirar Nijar. Tawa ta zama *Tahoua*, Madawa ta zama *Madaoua*, Dogon Dutsi ya zama *Dogondoutchi*. Ita kanta Ajame *Adjamé* ake rubuta ta.

Idan aka bi wannan ƙa'ida, kalmominmu uku za su fito kamar haka: *alkahoura*, *adoungouré*, *koundoumbala*.

3.0 Saɓanin rubutu ba iri ɗaya ba ne

Kuskuren da ake yawan yi a aji shi ne a tara duk wata siga da ta saɓa wa *alkafura* a kira ta kure. Ba haka abin yake ba, kuma ya kamata ɗalibi ya iya rarrabewa.

A ɗauki *alkahura*. Wannan ba kuskuren rubutu ba ne, furuci ne na gaskiya da aka rubuta daidai. A karin harshen yamma, inda Bakano yake da *f* kafin wasalin *u* ko *o*, su *h* suke da shi: *fura* da *hura*, *fushi* da *hushi*, *furfura* da *hurhura*. Kafin *a* kuwa *hw* ne, kamar *fara* da *hwara*. Abin lura a nan shi ne, ita kanta daidaitacciyar Hausa ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Muna rubuta *fura* da *f*, amma muna rubuta *huɗu* da *hula* da *h*, alhali tarihin sautin ɗaya ne. Zaɓi aka yi, ba wahayi aka saukar ba. Tun daga ƙa'idojin Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, na 1912, zuwa Hukumar Harshen Hausa ta 1955, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, abin da ake ta yi ke nan, zaɓen siga ɗaya don a sauƙaƙa wa mai karatu. Na taɓa ganin takardar jarrabawa inda ɗalibi ya sa *alkahura* a bakin wani tsoho Basakkwace cikin ƙagaggen labari, mai maki ya ja masa layi. Wannan zalunci ne. A cikin bayani na ilimi a rubuta *alkafura*, ba gardama. Amma idan ana kwaikwayon maganar mutum, to a bar shi da bakinsa. Bargery tun a ƙamusunsa na 1934 yana kawo sigogin Katsina da Sakkwato da alamarsu, bai ɗauke su ɓatattu ba.

*Alkahoura* kuwa labarinta daban. Furucin da ke bayanta lafiyayye ne, rigar ce ta aro. Wani zai ce, to mene ne laifi, tunda mai karatu ya gane? Laifin yana fitowa ne a kalmar ta uku. Faransanci ba shi da hanyar nuna *ƙ*, don haka *koundoumbala* ta rasa ƙugiyarta, kuma tsarin da ba ya bambance *baki* da *baƙi*, ko *kafa* da *ƙafa*, bai isa ya ɗauki Hausa ba. Haka nan ninka baƙi. A Hausa ninki ma'ana ce, shi ya raba *baba* da *babba*, ya raba *mana* da *manna*. A Faransanci sau da yawa ado ne ko gadon tarihi. Wanda ya saba da haka zai iya rubuta *tsalle* da *l* ɗaya ko biyu, duk ɗaya ne a wurinsa. Amma kada ɗan Nijeriya ya yi dariya. Littattafan da ake rubutawa a waya ana yaɗawa ta WhatsApp da Facebook a Kano da Kaduna, mafi yawansu *kundumbala* suke rubutawa, ba ƙugiya. Namu kuma ya fi muni, domin mu an koya mana.

Siga ta uku ita ce ta fi ban sha'awa: *alkafira*. Ana samunta sosai a bakin matasan Kano da cikin littattafan zamani. Tushenta musayar gajeren *i* da *u* ce, irin ta *biki* da *buki*, *fushi* da *fishi*, *suruki* da *siriki*. Da a nan ta tsaya da ba abin magana. Amma da zarar *u* ta koma *i*, sai kalmar ta ci karo da wata wadda kowa ya sani, wato *kafira*. Ga kuma *al-* a gaba, irin ta *alƙali* da *albasa* da *aljihu*, mai sa kunne ya ji ƙamshin Larabci. Daga nan sai a fara ƙirƙiro mata tarihi, a ce wai wasan kafirai ne shi ya sa aka kira shi haka. Wannan shi ne abin da masana suke kira asalin kalma na kunne: mai magana ya ci karo da kalmar da ba ta da 'yan'uwa a harshensa, sai ya jingina ta da mafi kusa a sauti. Kamar sauti ba hujja ba ce, in da hujja ce da *kaska* da *kasko* 'yan gida ɗaya ne. Ra'ayina shi ne ƙamus ya shigar da *alkafira* a matsayin sigar da ake amfani da ita, ya tura mai karatu ga *alkafura*, malami kuma ya fifita *alkafura* don a guje wa wannan karo.

4.0 Ingilishi ma bai tsira ba

Ɗalibanmu suna da wata ɗabi'a ta zaton cewa rikicin rubutu cutar Hausa ce, harsunan Turai kuwa a daidaice aka haife su. Kalmar da ake fassara alkafura da ita ta isa ta warkar da wannan zato.

*Somersault* ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 daga tsohon Faransanci, shi kuma ya karɓo ta daga harshen kudancin Faransa, inda take *sobresaut*. Gaɓar farko tana nufin sama, ta biyu tana nufin tsalle, duka daga Latin. Baturen Ingila bai san wannan ba. Abin da kunnensa ya ji a farkon kalmar ya yi kama da *summer*, sunan lokacin zafinsu, sai aka samu *summersault*. Wasu kuma suka ji kalmar gaba ɗaya ta yi kama da sunan wata gunduma a kudu maso yammacin Ingila, sai aka samu *somerset* da *summerset*. Wannan ita ce ainihin hanyar da ta haifi *alkafira*. Samuel Johnson a ƙamusunsa na 1755 ya kawo *somersault* da *somerset* tare, ya ce ta biyun gurɓatacciya ce, amma bai hana ta shiga ba. Abin dariyar shi ne shi ma asalin da ya ba kalmar na kunne ne, domin ya danganta gaɓar farko da sunan azarar gini. Kusan shekara casa'in bayan haka, a 1843, takardar tallar wasan Pablo Fanque, baƙar fatan Ingila mai kamfanin wasannin ban mamaki, tana nan tana amfani da *somerset*. Wannan takarda ce John Lennon ya samo a shagon tsofaffin kaya ya gina wata waƙar Beatles ta 1967 a kanta. Yau *somersault* ce ta yi rinjaye, amma sai da aka ɗauki ɗaruruwan shekaru.

A Faransanci kuwa kalmar tana nan da rai a sigar *soubresaut*, sai dai ta bar ma'anar da Ingilishi ya riƙe. A maganar yau da kullum zabura take nufi, ko girgizar da mota kan yi. Wato ɗan Belbil da ya yi boko ya san kakar kalmar *somersault*, amma ba zai taɓa kiran alkafura da ita ba.

Darasin da nake so a ɗauka daga nan ba na rarrashi ba ne kawai. Saɓanin rubutun Ingilishi ya warware da kansa, kuma bai cutar da mu ba. Abin da ya cutar da mu shi ne faɗin ma'anar kalmar.

5.0 Inda ɓarnar take

A Ingilishin yau da kullum, *somersault* tana ɗaukar abubuwa biyu. Yaro ɗan shekara uku da ya kafa kansa a katifa ya mirgina, an ce ya yi ta. Ɗan wasan da ya tashi sama ya juya bai taɓa ƙasa ba, shi ma an ce ya yi ta. A Ingilishin Nijeriya har mota tana yinta, gwamnati ma tana yinta idan ta sauya manufa. Ƙamusoshinmu masu harshe biyu sun ɗauki wannan kalma mai faɗin ciki sun jingina wa *alkafura*, sun kuma jingina wa *adungure*. Ba ƙarya suka yi ba, ko wacce ɗaya ta shiga cikinta. Amma ɗalibin da ya duba ya ga fassara ɗaya a wuri biyu, abin da zai fahimta shi ne kalmomin ma'anarsu ɗaya. Daga nan sai ya riƙa musanya su, ko ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya.

Alhali Bahaushe ya raba su. *Adungure* 'yar gidan *dungure* da *dungura* ce. Kai ko ƙeya yana taɓa ƙasa, jiki ya bi ta kansa ya mirgina. Ba ta buƙatar koyo, kuma tana iya faruwa ba da niyya ba: wanda ya yi tuntuɓe a gangare yana iya yinta, mota ma tana yinta. *Alkafura* kuwa gwaninta ce. Da niyya ake yinta, ƙafafu suna tashi su zagaya ta sama su dawo mutum yana tsaye, ko hannu ya dafa ƙasa ko bai dafa ba. Hanya mafi sauƙi ta gwada bambancin ita ce a duba wanda za a yaba. A gasar cin kofin duniya ta 2002, lokacin da Julius Aghahowa ya ci Suwidin ƙwallo a Japan, ya bi gefen fili yana juyawa sau da dama a jere. Duk Bahaushen da ya gani alkafura zai ce. Da wani zai ce Aghahowa ya yi adungure, da an ɗauka ba'a yake yi masa, ko kuwa faɗuwa ya yi.

*Ƙundumbala* ta fi su nisa. Abin da ke tsakiyarta kasada ce, ba siffar juyin ba. Shi ya sa ta bar jiki ta shiga wasu fagage: ɗan kasuwar da ya zuba duk jarinsa a haja ɗaya ya yi ƙundumbala, sojan da ya kutsa cikin abokan gaba shi kaɗai ya yi ƙundumbala. Idan aka kira wasan mai babur ko mai tafiya a kan igiya wasan ƙundumbala, ana nufin rai yana hannun Allah. Alkafurar da aka yi a kan yashi ba ƙundumbala ba ce. Wadda aka yi daga kan katanga tana iya zama duka biyun. Bayan waɗannan akwai *birgima*, wadda a kwance ake yinta ta gefe, ita ce ta karin maganar hankaka. Akwai *wuntsilawa* da *tuntsurawa*, akwai *hajijiya* da *katantanwa* na juyi a tsaye, akwai *reto* da *lilo*. Harshen da ya tanadi wannan duka ba matalauci ba ne a wannan fage.

To, a nan ne Abijan take da abin koya mana. Faransanci ya raba abin da Ingilishi ya haɗa. Mirginawar ƙasa *roulade* ce ko *galipette*. Juyin sama *saut périlleux* ne, ko *salto*, kalmar Italiya wadda ita ce masu wasan lanƙwasa jiki na duniya suke amfani da ita a dokokinsu. Ma'anar *saut périlleux* kuwa tsalle mai haɗari, wato ta haɗa siffar alkafura da ruhin ƙundumbala. Saboda haka Bahaushen da Faransanci ne harshensa na biyu ba ya da tarkon da muke faɗawa. Idan ya jera kalmominsa kusa da na Faransanci, adungure za ta samu abokiyarta, alkafura ta samu tata. Yana iya rubuta *alkahoura* da rigar aro, amma ba abin da zai tura shi ya kira ta adungure. Mu kuwa muna rubuta ta da *f* da *u* yadda hukuma ta ce, muna kuma sa ta inda ba wurinta ba. Idan aka tambaye ni wanne ya fi kusa da Hausa, zan ce nasa, domin gyaran harafi aikin mako ɗaya ne a aji, amma ma'anar da ta narke ba ta dawowa da jan biro.

Ɓarnar ta fi bayyana a fassarar labarai. Idan jaridar Ingilishi ta ce mota ta yi *somersault*, mai fassara da ya dogara da ƙamus zai ce ta yi alkafura, kamar direban ya shirya nuna bajinta ne. Hausa ita ce mota ta wuntsila, ko ta yi adungure, ko ta ƙwace ta kife. Idan kuma aka ce gwamnati ce ta yi, to ba wasan jiki a ciki sam. Bahaushe ya riga ya tanadi maganarsa: ta yi amai ta lashe. Haka nan sunan wasan da Simone Biles ta shahara a kansa. Ana jin wasan tsalle-tsalle, ana jin wasan motsa jiki, ana jin wasan alkafura, ana jin wasan lanƙwasa jiki. Na farko ya ci karo da guje-guje da tsalle-tsalle, wanda wasa ne daban. Na biyu ya haɗa har da dattijon da ke zagaya unguwa da asuba saboda hawan jini. Na ukun ya yi ƙunci, domin ba duk abin da ake yi a wasan ne alkafura ba. Na huɗun ya fi dacewa, kuma da gidajen rediyo za su tsaya a kansa da an huta.

Maganin wannan ba ya wurin ƙamus mai harshe biyu, ko na Abraham na 1949 ne ko na Newman na 2007, duk da girman aikinsu. Irin wannan ƙamus an yi shi ne don wanda ya riga ya san Ingilishi. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya bi hanyar da ta dace, domin mai bayyana Hausa da Hausa ba shi da kalmar Turanci da zai fake a bayanta, dole ya faɗi me kai yake yi, me hannu yake yi, ina ƙafa take. Irin wannan bayani ya kamata ɗalibi ya saba yi. Kuma masu ba da shi suna nan: 'yan Koroso na Kano, da 'yan hoto masu cilla garma sama su tare, da gardawa, da yaran da ke wasa a yashi. A je a tambaye su sunan kowane juyi kafin a buɗe littafi.

6.0 Kalmar da aka haifa a Abijan

Kodebuwa ƙasar masu alkafura ce tun asali. Sanufawan yankin Korhogo suna da rawar *boloye*, wadda ake kira rawar damisa, masu yinta suna juyawa a sama cikin kaya masu zanen fatar damisa. Mutanen Dan na yankin Man suna da masu rawa a kan dogayen sanduna. Bikin MASA na wasannin dandamali, wanda aka fara a 1993, babban masaukinsa Fadar Al'adu ce da ke Tireshbil. Amma kalmar da yaran birni suka fi sani ba daga waɗannan ta fito ba. Daga kiɗan *coupé-décalé* ta fito, wanda 'yan Kodebuwa mazauna Faris, su Douk Saga, suka ƙirƙiro a farkon shekarun 2000. DJ Arafat, wanda ya rasu a haɗarin babur a Abijan a watan Agustan 2019, shi da 'yan rawarsa suka shahara da wani salo na juye-juye da faɗuwa da tashi cikin sauri. Sunan salon a Nushi, wato Faransancin titi na Abijan, ana rubuta shi *roukaskas*, ana kuma rubuta shi *roukasskass*.

Me ya kawo saɓanin? Ƙa'idar Faransanci ce. A can *s* ɗin ƙarshen kalma yawanci ba a furta shi, saboda haka mai son a ji shi sai ya ninka, ya ninka na tsakiya ma don su yi daidai. Wato a gabanmu, cikin 'yan shekaru, sabuwar kalma tana shan irin wahalar da *somersault* ta sha a ƙarni na 17 da na 18. Hausa kuwa ba ta da wannan matsala. Kowane harafi furta shi ake yi, don haka *rukaskas* ta wadatar. Gaɓoɓinta uku, *ru* da *kas* da *kas*, duk sun dace da tsarin gaɓar Hausa, ba ta buƙatar a cusa mata wasali kamar yadda aka yi wa *burodi* da *fursuna*. Ƙarewarta da baƙi da maimaita gaɓa sun sa ta yi kama da amsa-kama irin su *ƙyalƙyal* da *ƙasƙas*, abin da zai sa kunnen Bahaushe ya karɓe ta da sauƙi.

Tambayar ita ce ko tana da gurbi. A ganina tana da shi, da sharaɗi. Idan ana nufin wannan rawa ta musamman, da kiɗanta da salonta, to *rukaskas* suna ne kamar *Koroso*, ba abin da zai maye gurbinsa. Amma idan yaron da aka haifa a Belbil, wanda Nushi da Julanci suka fi Hausa zama a bakinsa, ya fara kiran kowace alkafura *rukaskas*, to ya faɗa ramin da muka faɗa da *somersault*, sai dai ta wata ƙofar. Wannan ya ƙara muhimmanci tun daga 2025, lokacin da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan rubutun Hausa ya yawaita a can, masu karatun da za su ƙaru har da 'yan ci-ranin Ajame da Tireshbil, kuma littafin da za a ba su zai bi ƙa'idar da Nijar ta kafa a 1999, wadda ta yi daidai da tamu in ban da ƙananan abubuwa irin su *ƴ* a inda muke rubuta *'y*.

Akwai juyi ɗaya da har yanzu yake yawo tsakanin sunaye, wato wanda ake yi ta gefe, hannu ɗaya ya dafa ƙasa, ɗayan ya biyo, ƙafafu a buɗe su zagaya kamar ƙafar keke. Ingilishi ya kira shi *cartwheel*, Faransanci ya kira shi *la roue*, duka biyun da ƙafar abin hawa suka kwatanta shi. Idan ɗalibi ya zo fassara shi, kada ya ce ƙafar amalanke, ba wanda zai gane. *Alkafurar gefe* ta isa, kamar yadda *alkafurar baya* ta isa ga abin da Aghahowa ya yi.